Burtali da Hanyar Mota a Ƙasar Karaye da Rogo

Wanda ya bar Kano ta hanyar Gwarzo, ya karkata kudu ya nufi Karaye da Rogo, zai ga ƙasa shimfiɗaɗɗiya, ga ɗorawa da kuka da tsamiya jefi-jefi cikin gonaki, ga kogin Challawa ya ratsa ta. Da rani kogin yashi ne, jaki na ƙetarewa. Da damina kuwa, a zamanin da, sai ya raba ƙauye da kasuwarsa har ruwa ya janye.

Hanyar da ta fi kowace tsufa a wannan ƙasa ita ce burtali, watau turbar shanu, wadda akan shinge gefenta da aduwa ko cini-da-zugu don kada dabba ta faɗa gona. Ta nan Filani ke kora garke zuwa mashaya da fadamu, ta nan kuma suke gangarawa ƙasar Zazzau in ciyawa ta ƙare. Ba takarda ta kafa burtali ba. Dagaci da arɗo ne suka san iyakarsa, manomi kuma ya yarda da shi domin yana bukatar taki in an kwashe amfani.

Da Turawa suka ci Kano a 1903, sai jangali ya zama ɗaya daga cikin manyan hanyoyin kuɗin baitulmalin En'e. Wannan, a ganina, shi ya tsare burtali fiye da kome, domin hakimin da ya bari shanu suka bar ƙasarsa, jangalinsu ya bi su. Hanyoyin mota da aka share kuwa, gyaɗa da auduga aka share wa, bayan jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911.

An yi dokar keɓe makiyaya a Jihar Arewa a 1965, amma ƙasar Kano ta riga ta cika da gonaki. Sa'an nan aka soke jangali a 1975, takin zamani kuma ya rage wa kashin shanu daraja. Tun daga nan manomi ya riƙa cin burtali kunya ɗaya kowace shekara. Da aka gama madatsar ruwa ta Challawa a ƙasar Karaye a 1992, ruwa ya shanye fadamun da garke ke rani a cikinsu, wanda ya ragu kuma 'yan noman rani suka kama.