Fad Ɗaya, Kawuna Goma: Yadda Aka Sabunta Final Fantasy VII Aka Bar Mu Da Gardama

Daren jiya abokina ɗan Kebbe ya sake tono tsohuwar gardamarmu a WhatsApp. Saƙon murya ya turo, minti huɗu cur, kuma abin da ke ciki bai wuce jimla ɗaya ba: “Wanga ba wasanmu na ba, sun ɓata muna shi.” Tun 2020 muke wannan ja-in-ja. Na ce bari in zauna in rubuta labarin tun daga tushe, ko ƙannenmu da suka buɗi ido da PUBG a waya za su gane abin da ke sa magidanta biyu masu furfura a gemu suna musu a kan gem. Wanda bai buga ba kuma yana da niyya, ya tsaya nan, don zan fasa ƙwai.

Final Fantasy VII ya fito a Japan ranar 31 ga Janairun 1997, a kan PlayStation ta farko. Kamfanin Square ne ya yi shi. Yoshinori Kitase ya ba da umarni, Hironobu Sakaguchi ne furodusa, Tetsuya Nomura ya zana mutanen ciki, Nobuo Uematsu ya yi kiɗan. Shida na baya duk a na'urorin Nintendo suka fito, amma wannan ya fi ƙarfin ɗan akwatin da Nintendo 64 ke amfani da shi, sai suka koma wurin Sony mai faifan CD. Ko a can ɗin ma sai da ya ci faifai uku. Ya isa Amurka a Satumbar wannan shekara, Turai a Nuwamba, kuma zuwa yau an sayar da sama da kwafi miliyan 14.

Mu a Tambuwal bai iso mana ba sai da ya tsufa a wurin masu shi, farkon shekarun 2000. Akwai wani shago kusa da babban titin da ya taso daga Sakkwato ya nufi Jega, talabijin biyu, benci uku, labule mai kauri a ƙofa, janareta tana kuka a baya. Kowa ƙwallo yake zuwa bugawa, Winning Eleven, ko a daku a Tekken 3. Faifan Final Fantasy cikin tarkacen da mai shagon ya saro ya zo, ba wanda ya kula shi, don wa zai biya kuɗinsa ya zauna karanta Turanci? Sai ranar da ruwan sama ya tsare mu, abokin nan nawa, wanda a lokacin karatu ya kawo shi Tambuwal yana zaune gidan kawunsa, ya ce wa mai shagon: “Yaya, sa muna wancan mai hoton ƙaton takobi mu gani.”

Labarin a taƙaice: wani kamfani mai suna Shinra yana zuƙe ran ƙasa, wani makamashi da suke kira Mako, yana mayar da shi wutar lantarki yana sayarwa. Masu hali suna zaune a saman birnin Midgar a kan wani makeken faranti, talakawa suna ƙasa ko rana ba sa gani. Cloud, sojan haya mai ƙaton takobi, ya shiga ƙungiyar Avalanche ta Barret da Tifa don fasa tashoshin kamfanin. Can gaba aka haɗu da Aerith mai sayar da furanni, da babban bos, Sephiroth. Mu da ake ɗauke mana wuta sau biyar a wuni, ba sai an yi mana dogon bayani a kan kamfanin lantarki a matsayin mugu ba.

Amma abin da nake so ku riƙe shi ne yadda ake faɗa a cikinsa, don a nan rigimar take. Ba ka danna maɓalli jarumi ya kai sara nan take. Mutanenka uku suna tsaye a gefe, abokan gaba a ɗaya gefen. Kowane jarumi yana da wani ɗan layi a ƙasan allo da yake cika a hankali. Sai ya cika ne za ka zaɓa masa abin yi: ya kai sara, ko ya yi tsafin wuta ko na ƙanƙara, ko ya ba ɗan'uwansa magani. Akwai wasu duwatsu masu launi da ake kira Materia, kana cusa su a ramukan makami, su ne ke ba ka irin tsafin da za ka iya. Wanda ya haɗa su da hankali ya ci, wanda ya haɗa da gaggawa a binne shi. Wannan tsarin layin jira tun Final Fantasy IV na 1991 suke amfani da shi.

To a wurinmu wannan dara ce sak. Duk wanda ya taɓa tsayawa a gindin bishiya inda dattawa ke dara ya san masu wasa biyu ne, amma masu baki sun fi goma. Haka muka mayar da shi. Fad ɗaya ne a hannun mutum ɗaya, amma da layin Cloud ya cika, shagon zai kaure. “Ba shi magani, mutuwa za shi yi!” “Kai, bari, buga mai tsawa, ƙarfe na!” Akwai wanda aikinsa fassara kawai, yana karanta Turancin yana juya mana da Hausa, rabin abin da yake faɗa ƙirƙira ce, daga baya na gane. Akwai wani ɗan ƙaramin yaro da ba ya da ko sisi, bai taɓa riƙe fad ba, amma shi ya haddace wane dodo ke tsoron wuta, wane ke tsoron ƙanƙara. Da shi ake shawara kamar waziri. Kuɗin awa karo-karo muke yi. Memori ɗaya ce, mai gurbi 15, mai shagon ya ba mu gurbi ɗaya da sharaɗin kada mu taɓa na masu ƙwallo. Ba ko'ina ake sebin ba, sai an kai wurin da aka tanada. Sau nawa janareta ta shaƙe muna dab da wurin, aikin awa biyu ya bi ruwa, mu fito shiru kamar masu dawowa daga jana'iza.

Sai ga jana'izar gaske. A ƙarshen faifai na ɗaya, Aerith tana durƙushe tana addu'a, Sephiroth ya diro daga sama ya soke ta da dogon takobinsa. Mun saba a wasan nan idan naka ya faɗi akwai gashin tsuntsun da ake jefa masa ya tashi. Muka jira a ba mu dama. Ba a ba mu ba. Cloud ya ɗauke ta ya sa a ruwa, allo ya ce a sa faifai na biyu. Faifai na biyun kuwa ya karce. Mai shagon ya goge shi da gefen riga, ya hura masa iska, ya kifa PlayStation ɗin ƙafafu sama kamar yadda ake yi idan idonta ya raunana, ina! Sai da muka yi wata da watanni kafin a samo wani daga Sakkwato. Duk tsawon lokacin muna da yaƙinin cewa a faifai na biyu za ta tashi. Ashe ba mu kaɗai ba ne. Daga Amurka har Japan an yi shekaru ana yaɗa jita-jitar wata ɓoyayyiyar hanyar dawo da ita. Babu.

Kiran a sabunta wasan ya samo asali ne daga kamfanin da kansa. A 2003 Square ya haɗe da Enix. A bikin wasanni na E3 na 2005, don nuna ƙarfin PlayStation 3, suka sake zana buɗewar wasan da sabon hoto, jirgin ƙasa na shiga Midgar, Cloud na dirowa. Suka ce gwaji ne kawai. Wa zai yarda? An nuna wa mayunwaci tuwo an ce na kallo ne. Shekara goma ana roƙo. Ranar 15 ga Yunin 2015, a taron Sony na E3, aka sanar da cewa ana aikin. Bidiyoyin mutanen da suka yi ta ihu da kuka a ranar har yanzu suna YouTube. Ni da safe na gani a waya, na kira Kebbe, layi na yankewa muna sake kira.

Murnar ba ta kai ƙarshen shekara ba. A Disambar 2015 aka nuna yadda faɗan zai kasance: Cloud na gudu yana sara yana kaucewa, ba jira. Aka kuma ce ba a wasa ɗaya za a gama labarin ba, kashi-kashi za a yi. Nan masoya suka dare biyu. Wasu suka ce zamani ne, yaran yanzu ba za su tsaya kallon layi na cika ba. Wasu suka ce to ai ba don yaran yanzu muka yi shekara goma muna roƙo ba. A 2017 kamfanin ya karɓe aikin daga CyberConnect2 da ke taya su, ya mayar da shi cikin gida. Aka sa ranar fitowa 3 ga Maris 2020, aka ɗaga zuwa 10 ga Afrilu. Ya fito a PlayStation 4 daidai lokacin da korona ta kulle duniya, makarantu a rufe, kowa na gida. Cikin kwana uku ya wuce kwafi miliyan 3.5.

Gaskiya dai, sabon tsarin ba shirme ba ne, kuma a nan nake saɓawa da abokina. Layin nan yana nan, sai dai yanzu saran da kake kaiwa ne ke cika shi da sauri. Idan ya cika ka buɗe jerin umarni, komai zai koma tafiyar hawainiya har ka zaɓa. Kana iya tsallakawa daga Cloud zuwa Tifa zuwa Barret a tsakiyar faɗa. Sun ma sa wani zaɓi, Classic, inda jarumai ke sara da kansu kai kana ba da umarni, don lallashin irinmu. Amma da farko sun ɗaure shi da mataki mai sauƙi, tsofaffin hannu suka ji kamar an miƙa musu sandar dogarawa.

Ƙorafi na biyu jan rai. Midgar da muke fita daga cikinta cikin awa biyar ko shida a tsohon, an shimfiɗa ta ta zama wasa guda na awa talatin zuwa arba'in. Wani wurin shimfiɗar ta yi kyau, Jessie da Biggs da Wedge da a da ba su wuce 'yan rakiya ba sun zama mutane, har gidan iyayen Jessie aka kai mu. Wani wurin kuwa an tura sojan haya mai ƙaton takobi neman kyanwoyi uku da suka ɓace a unguwa. Wannan ko ni ban kare shi ba.

Na uku shi ne ya fi zafi. An shigo da wasu fatalwowi masu baƙaƙen mayafai, aikinsu duk lokacin da labari zai kauce daga yadda ya gudana a 1997 su taso su mayar da shi kan hanya. A ƙarshe jarumai suka yaƙe su suka ci su, aka kuma nuna Zack, wanda kowa ya san ya mutu a tsohon wasan, yana tafe da ƙafarsa. Masoya da yawa suka fassara fatalwowin da cewa su ake nufi, masu cewa kada a taɓa komai. Abokina ya ce: “Ka gani ko? Mu munka roƙa, mu anka mai da bos. Dara ta ci gida.” Na yi dariya har da hawaye, amma ban iya ce masa ƙarya yake ba. Irin wannan muka gani a gida lokacin da Ali Nuhu ya sake yin Mujadala a 2018 da sababbin fuskoki irin su Umar M. Shareef: matasa na yabo, waɗanda suka kalli na farkon a kaset suna taɓe baki tun kafin su gani.

Kashi na biyu, Rebirth, ya fito ranar 29 ga Fabrairun 2024 a PlayStation 5, Naoki Hamaguchi ne darakta. Kowa wurin addu'ar nan ta Aerith yake jira. Sai suka yi abin da bai gamsar da kowane ɓangare ba: an nuna Cloud ya tare takobin, an kuma nuna jini, abokan tafiya na makoki shi kuma yana ci gaba da ganinta yana magana da ita. Masu sharhi sun yaba wasan ƙwarai, amma kamfanin da bakinsa ya ce cinikin bai kai yadda ya sa rai ba. Masu ra'ayin abokina kuma suka samu abin nuni, don Baldur's Gate 3, wanda faɗansa bi-da-bi ne, shi ya lashe gwarzon wasan shekara a 2023, sannan a 2025 wani ƙaramin kamfanin Faransa ya fito da Clair Obscur, shi ma bi-da-bi, duniya ta ɗauka. Kashi na uku ana kan aikinsa.

Sai da ya zo Tambuwal ɗaurin aure bara na gane ainihin abin da ke damunsa. Na kunna masa sabon a ɗakina, na ba shi fad, yarana biyu da ɗan maƙwabci suna zaune a tabarma. Faɗa ya fara da ƙaton inji mai siffar kunama, wanda a tsohon wasan muka yi rabin awa muna gardamar ko a buge shi idan ya ɗaga wutsiya. Yatsunsa na rawa a kan maɓallai, allo sai walƙiya. Babban yarona ya buɗe baki zai ba da shawara, kafin ya gama kalmar farko abin ya wuce. Ya sake gwadawa, ya sake wucewa. Daga nan suka yi shiru suna kallo kamar fim, can ɗan maƙwabcin ya zaro waya. Abokina ya tsayar da wasan, ya waiga ya dube su, ya dube ni.

“Ina waziri?” ya ce.

Tsohon wasan yana nan a waya da kwamfuta, ba faifan da zai karce. Bayan la'asar na saukar da shi a kwamfutata, muka jawo benci ƙofar gida. Hoton ya tsufa, hannayen Cloud kamar an sassaƙa su da gatari, yaran suka yi ta dariya. Da aka kai wurin kunamar ta ɗaga wutsiya, layin Barret ya cika, abokina ya ɗora fad a cinya ya ce: “To, ɗiyana, mi za mu yi?” Ƙaramin ya ce a harbe ta. Babban ya ce a jira. Aka bi ta ƙaramin, ta watsa mana wuta, saura ƙiris mu mutu gaba ɗaya. Ana kiran magariba suna ta musun laifin wa ne.