Yadda Masara Ta Sami Sunan Masar

Masarar da ta mamaye gonakin Damari da sauran garuruwan ƙaramar hukumar Sabuwa, har zuwa Faskari da Ƙanƙara a kudancin Jihar Katsina, tana amsa sunan wata ƙasa wadda ba can ne mahaifarta ba. Masana harshe suna mayar da kalmar ga Masar, domin Hausawan da suka fara ganin wannan hatsi sun kwatanta shi da dawar da suka sani suka kira shi dawar Masar, sannan yau da gobe kalmar dawa ta faɗi, sunan ƙasar ya zama sunan tsiron. Barebari ma suna kiranta da suna mai tushe ɗaya, abin da ke nuna cewa ta bi hanyar Borno kafin ta iso ƙasar Hausa.

Irin wannan laƙabi tsohon abu ne a tarihin cimaka, kuma sunan ɗan itacen nan mai laushin gashi a fata da ƙwallo ɗaya a ciki, wanda Ingilishi ke kira peach, Larabawa kuma ke kira khaukh, shi ne misalin da ya fi fitowa fili. Asalinsa ƙasar Sin ne, inda aka tono ƙwallayensa masu shekaru kusan 8,000 a yankin kogin Yangtze, amma da yake ta hannun mutanen Farisa ya isa ga Rumawa, sai suka kira shi malum persicum, wato tuffar Farisa. Daga persicum ne tsohon Faransanci ya sami pesche, Ingilishi ya ara daga gare shi, Jamusanci ya sami Pfirsich, har masana tsirrai suka tabbatar da kuskuren a sunan kimiyya, Prunus persica. Daga baya Turawa suka faɗaɗa kalmar ta zama sunan launi mai tsakanin ruwan hoda da ruwan goro, kuma suna yabon abu mai kyau da ita.

Tafiyar masara ta fi wannan nisa. An fara noma ta kimanin shekaru 9,000 da suka wuce a kwarin kogin Balsas na kudancin Meziko, daga wata ciyawar daji mai suna teosinte, kuma ba ta ƙetara teku ba sai bayan tafiyar Kolumbus ta 1492. Daga Sifaniya ta yaɗu a ƙasashen Bahar Rum, kuma al'ummomi da dama suka laƙaba ta ga wata ƙasa ta daban: Italiyawa suka ce hatsin Turkawa, Turkawa suka ce mısır, wato Masar, Misirawa kuwa suka ce dawar Sham. Abin da ya kamata a lura da shi shi ne cewa 'yan Fotugal sun sauke masara a gaɓar tekun Afirka ta Yamma tun ƙarni na 16, amma duk da haka sunan Hausa gabas yake kallo, wajen hanyar fatake da alhazai, wanda hakan hujja ce mai ƙarfi a kan inda ƙasar Hausa ta fi fuskanta a wancan zamani. Gwanda ma, wadda asalinta Amurka ta Tsakiya ne, an taɓa kiranta gwandar Masar don a bambanta ta da gwandar daji.

Ƙarnuka da dama masara ta zauna a matsayin amfanin gonar bayan gida, ana gasa ta ɗanya kafin gero ya nuna, dawa da gero kuwa su ne abincin rumbu. Lamarin ya sauya ne bayan 1975, lokacin da aka kafa Shirin Bunƙasa Noma na Funtuwa da tallafin Bankin Duniya, tare da takwarorinsa na Gusau da Gombe. Takin zamani mai rahusa, da hanyoyin karkara, da ingantaccen iri daga cibiyoyin bincike na Samaru da Ibadan suka haɗu da wadatar damina ta yankin, sai masara ta ture dawa daga gonaki masu yawa, ta shiga tukunyar tuwo, ta kuma zama hajar da manyan motoci ke ɗauka daga kasuwar Ɗandume zuwa kudancin ƙasar.