Injin Mota Mai Tashi Ya Mutu: Yadda Za Ku Gano Dalili

A gundumomin Birnin Ƙonni da Malbaza da Illela, tsofaffin motoci na da babban rabo a sufuri. Su ke kai albasar Galmi kasuwa, su ke fito da mutanen ƙauye zuwa babbar hanya, su ke kai marar lafiya asibiti cikin dare. Daga cikinsu akwai Peugeot 504, wadda aka fara ƙerawa a Faransa a shekarar 1968, daga baya aka riƙa harhaɗa ta a Kaduna. Akwai kuma tsofaffin Toyota masu shan fetur.

Wata matsala da ke yawan samun irin waɗannan motoci ita ce injin ya tashi lafiya, jim kaɗan kuma ya mutu. Wanda bai san dalili ba yakan yi ta sayen kayan gyara ɗaya bayan ɗaya, kuɗinsa su ƙare, motar tana nan yadda take. Wannan bayani zai taimake ku bin sawun matsalar kafin ku kashe ko dala. Ya shafi injin fetur mai kafireta, wato karburato. Yawancinsa zai yi muku amfani ga babur da injin ban ruwa.

Abubuwa uku da inji ke bukata

Inji ba ya aiki sai da fetur da iska da wuta. Kafireta ce ke gauraya fetur da iska. Fulogi, wanda makanikai da yawa ke kira buji, shi ke ba da tartsatsin da ke kunna su. Kowace lita 1 ta fetur tana bukatar iska kimanin lita dubu 9 kafin ta ƙone da kyau. Idan inji ya tashi, to duka ukun sun samu da farko. Idan ya mutu, ɗaya daga cikinsu ne ya yanke, ko ya yi yawa. Aikinku shi ne ku gano wanne ne.

Kafin ku taɓa komai

Ku ja birkin hannu, ku cire giya, ku sa dutse a bayan taya. Ku nisantar da taba da ashana da garwashi. Kada ku tayar da inji cikin rufaffen ɗaki, domin hayaƙinsa na ɗauke da guba marar wari mai kisa. Kada ku zuba fetur a bakin kafireta ana tayar da mota, kada kuma ku zuƙi fetur da baki. Ku ajiye bokitin yashi kusa.

Ku lura da lokacin da yake mutuwa

Ku tayar da injin, ku duba agogo. Tsawon lokacin da ya yi kafin ya mutu shi ne babbar shaida.

1. Idan ya mutu da zarar kun saki makulli, ku zargi wuta. Mai yiwuwa mazaunin makullin ya lalace, ko wata waya ta saki. A wasu motoci akwai ɗan farin tangaran kusa da kwayil, wato bobin, mai rage ƙarfin wuta. Lokacin murɗa makulli wuta ba ta bi ta cikinsa, sai an saki. Saboda haka in ya ƙone, injin zai tashi ya mutu nan take.

2. Idan ya yi kamar rabin minti ko minti ɗaya, sannan ya yi ta shessheƙa har ya mutu, ku zargi fetur. A cikin kafireta akwai ɗan kofi mai riƙe fetur kaɗan. Injin ya shanye na cikin kofin ne, sabo bai iso ba. Dalili yakan zama matatar fetur da ta toshe, ko famfon fetur da ya yi rauni, ko datti a gindin tanki.

3. Idan yana aiki muddin ƙafarku na kan totur, amma ya mutu da kun ɗaga, to ƙaramar kafar da ke ba shi fetur lokacin da yake tsaye ta toshe. Ko kuma wata roba ta tsage tana shigar da iskar da ba a bukata. Ku saurara da kyau, za ku iya jin ƙarar tsotson iska.

4. Idan ya tashi da sanyin safiya, ya ɗan ɗumama sai ya fara baƙin hayaƙi ya mutu, fetur ne ya fi iska yawa. Ku duba cok, wato murfin da ke rage iska don tayar da inji mai sanyi, ko ya maƙale a rufe. Ku duba matatar iska kuma. Ƙurar hunturu da ta hanyoyin ƙauye kan cika ta cikin ɗan lokaci.

5. Idan ya yi tafiya ta mintoci kafin ya mutu, ku buɗe murfin tanki. In kun ji iska ta shige da ƙarfi, kuma injin ya tashi bayan haka, to kafar numfashin tankin ce ta toshe.

6. Idan sai ya yi zafi yake mutuwa, ya huce kuma ya tashi, ku zargi kwayil ko kwandansa. A watannin Afrilu da Mayu, lokacin da zafi ke wuce digiri 40 a jahar Tawa, fetur ma kan zama tururi a cikin bututu, famfo ya kasa tura shi. Ku buɗe bonet, ku ɗora jiƙaƙƙen tsumma a kan famfon, ku jira.

Gwaji uku masu sauƙi

Na farko, gwajin famfo. Ku bari inji ya huce. Ku cire ƙaramar wayar da ke kai wuta kwayil, ku zare tiyon fetur daga kafireta, ku sa bakinsa cikin kwalba. Wani ya murɗa makulli na ɗan lokaci. Fetur ya kamata ya riƙa fesowa da ƙarfi. In ɗiga yake yi, matsalar tana tsakanin tanki da famfo.

Na biyu, gwajin fetur. Ku ajiye wannan kwalbar ta natsu. Ruwa ya fi fetur nauyi, saboda haka zai kwanta a ƙasa, tare da yashi ko tsatsa in akwai. Fetur na kwalba da jarka da ake sayarwa a bakin hanya yakan bi ta mazubai da yawa kafin ya iso gare ku, kuma kowane mazubi na iya ƙara masa datti. Fetur da ya yi watanni a tanki shi ma yakan yi danƙo ya toshe kafireta.

Na uku, launin fulogi. Ruwan ƙasa alamar lafiya ce. Baƙi mai kunkunniya na nuna fetur ya yi yawa. Fari fat na nuna fetur ya yi kaɗan. In ya jiƙe da fetur, to ko wuta ba ta zuwa, ko kafireta na ambaliya.

Yaushe za ku nemi makaniki?

Wanke matatar iska, sauya matatar fetur da ɗaure waya, duk za ku iya yi da kanku. Kwance kafireta da saita wuta aikin gwani ne. Haka nan motocin da ba su da kafireta, masu famfon lantarki da kwamfuta, sai an sa musu na'urar bincike. In kun je gareji, ku gaya wa makaniki minti nawa injin ke yi kafin ya mutu, da sanyi ne ko da zafi, da launin hayaƙinsa, da inda kuka sha mai na ƙarshe. Ku nemi a gwada abu kafin a sauya shi, a sauya ɗaya a sake tayarwa, a kuma ba ku tsohon da aka cire.

Rigakafi ya fi magani

Ku riƙa tace fetur da tsabtataccen ƙyalle. Kada ku bari tanki ya ƙafe, domin a gindinsa datti da ruwa ke taruwa. Ku riƙa kaɗe matatar iska a kai a kai lokacin hunturu. Ku ajiye matatar fetur da fulogi da kwandansa na ko-ta-kwana a cikin mota. Ku samu ɗan littafi ku riƙa rubuta ranar kowane gyara da abin da aka sauya. Motar da ta fara wannan hali kuwa, kada ku ɗauki fasinja ko kaya da ita zuwa nesa sai an gano dalili.