Daga Tashar Jirgin Ƙaura Zuwa Wayar Hannu

Yau tarihi za mu taɓa, tarihin hanyoyin da suka haɗa ƙasarmu da kasuwannin duniya, da kuma rabon da mace ta samu a cikinsu.

A shekarar 1929 layin dogo ya iso Ƙaura Namoda daga Zariya ta Gusau, kuma nan ya tsaya. Gyaɗa da auduga daga ƙasar Zurmi da Shinkafi sai su taru a tasha, jirgi ya kwashe zuwa Kudu. Garin ya bunƙasa, 'yan kasuwa suka yi arziki. To amma matar da ta ɓare gyaɗar nan a tsakar gida fa? Ba ta san nawa aka sayar da buhu ba. Abin da ta sani shi ne ƙuli-ƙuli da man da take aza wa 'yarta a kai, ta tura ta talla.

Haka aka daɗe. Ko da wayar tarho ta zo, ta ofisoshi ce da gidajen manya. Sai a 2001 aka fara wayar salula a Nijeriya, sannu a hankali ta iso garuruwanmu. Wannan ita ce hanya ta farko da ta shigo har cikin ɗaki, ba tare da mace ta taka ƙofar gida ba.

A 2012 gwamnatin tarayya ta gwada wani abu. Ministan gona na lokacin, Akinwumi Adesina, ya ɓullo da tsarin aika wa manomi saƙo ta waya, ya je ya karɓi buhu biyu na taki a rabin kuɗi. An yi haka ne don a kauce wa dillalan da ke karkatar da takin. Ku lura da kyau: wanda ke da suna a rajista, yake da layinsa, shi saƙon yake iskewa.

Darajar abin ta fito sarai a watan Satumba na 2021, lokacin da aka katse layukan waya a duk faɗin Zamfara saboda 'yan bindiga, aka kuma rufe kasuwannin mako. Makonni aka yi, ɗan da ke ci-rani bai iya turo kuɗin cefane ba, mai sana'a ba ta jin masu sayen kayanta. Sai kuma farkon 2023, bayan an canza takardun Naira, tsabar kuɗi ta yi wuya, mai asusu a waya ce kaɗai ke ciniki cikin sauƙi.

To 'yar uwa, ga darasin. Jirgi ya wuce kakanninmu mata a zaure, kada waya ta wuce mu a ɗaki. Ki shawarci maigida ki yi rajistar layi da sunanki, ki buɗe asusu da sunanki. Lambar sirri kuwa, ko wa ya bugo ya ce daga banki yake, kada ki faɗa masa. In masu saye na iya kiranki su turo kuɗi, yarinya ta ajiye faranti ta ɗauki littafi.

Sai wani makon in Allah ya kai mu. Allah ya ba mu zaman lafiya, amin.