Horon bulala a makaranta: tasirinsa ga yaro da matsayin doka a Jigawa

Horon jiki a makaranta shi ne duk hukuncin da malami ke yi wa ɗalibi da nufin ya ji zafi: dukan bulala ko tsumagiya, kamun kunne, tsallen kwaɗo, ko durƙuso a rana. Iyaye a unguwanni irin su Limawa a Dutse sun san shi a makarantun boko da na allo da Islamiyya, kuma da yawansu na kare shi da karin maganar nan ta icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Babu musu bulala tana sa aji ya yi tsit nan take. Abin da masana suka fi bincika shi ne halin da take barin yaro a ciki bayan shekaru. Rahoton da UNICEF ta fitar a 2015, daga binciken da ya bibiyi yara a Habasha da Indiya da Peru da Biyetnam, ya nuna cewa a mafi yawan ƙasashen yaran da aka daka a makaranta suna da shekara 8 sun fi rauni a lissafi da suka kai 12. Dalilin ba ɓoyayye ba ne. Yaron da ke jiran duka hankalinsa na kan hannun malami, ba kan allo ba; ba ya tambaya in bai gane ba, wani kuma fashi yake farawa, daga nan ya daina zuwa.

Illar da ta fi ba da mamaki ta shafi tarbiyya, wato abin da ake dukan dominsa. A 2011 Victoria Talwar da Kang Lee suka wallafa gwajin da suka yi a makarantu biyu na wata ƙasa a Afirka ta Yamma, ɗaya mai duka, ɗaya marar duka. An hana yara 'yan shekara 3 zuwa 4 leƙa wani abin wasa, aka fita aka bar su. Cikin waɗanda suka leƙa, 'yan makarantar duka sun fi musantawa, sun kuma fi iya tsare ƙaryarsu.

Wannan ba baƙon zance ba ne ga malaman Musulunci. Tun a ƙarni na 14 Ibn Khaldun ya keɓe fasali a Muƙaddima kan cewa tsanani yana kashe wa almajiri himma, ya koya masa ƙarya da yaudara. Ya kuma kawo ra'ayin Ibn Abi Zaid, mai Risala, cewa in har dukan ya zama dole, kada ya wuce bulala uku.

Ta fuskar doka, lamarin bai fita sarai ba. Najeriya ta amince da yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya kan haƙƙin yara a 1991, wadda ta wajabta cewa ladabtarwa a makaranta ta kiyaye mutuncin yaro. Dokar tarayya ta 2003 ta haramta azabtar da yaro da wulaƙanta shi, Jigawa kuma ta samu tata dokar kare yara a 2021, zamanin Gwamna Muhammad Badaru Abubakar. Sai dai sashe na 55 na kundin Penal Code na Arewa, wanda ya fara aiki a 1960, ya bai wa malami damar ladabtar da ɗalibin da bai kai shekara 18 ba, muddin bai yi masa mummunan rauni ba.