Yarjejeniyar Gwandu ta 1885: Illar Sa Hannu Kafin Tantancewa

A wannan maƙala za mu dubi yarjejeniyar da Joseph Thomson, wakilin kamfanin 'yan kasuwar Ingila, ya ƙulla a 1885 da Sarkin Gwandu Maliki, masarautar da Jega da Aliero da Maiyama ke cikinta. Fada ta fahimci izinin fatauci ta bayar, kuɗin da kamfanin zai riƙa biya duk shekara kuwa gaisuwa ce. Amma rubutun Turancin cewa ya yi an sallama wa kamfanin iko bisa gaɓar Kwara. Da irin waɗannan takardu Ingila ta kafa hujjar shimfiɗa mulkinta a Arewa daga 1900. A ganinmu, duk wanda ya sa hannu bisa takardar da bai tantance ba, ya miƙa wa marubucinta wuya.