Farashi Kaɗai Ya Rage? Casgevy da Yaran Sikila na Afirka

Tun da hukumar kula da magunguna ta Birtaniya ta amince da Casgevy, maganin gyaran ƙwayar gado na masu sikila, a watan Nuwamba na 2023, takwararta ta Amurka kuma ta bi sahu ranar 8 ga Disamba, wani ra'ayi ya samu gindin zama a tsakanin masu nazarin cutar sikila. Cewa suke yi kimiyya ta sauke nauyin da ke kanta, an samu maganin warkewa, abin da ya rage shi ne a karya farashinsa daga dala miliyan 2.2 zuwa abin da gwamnatocin Afirka za su iya biya. Wani abokin aiki, masanin ƙwayoyin gado wanda ba na raina iliminsa, ya fi kowa iya kare wannan ra'ayi, don haka da hujjojinsa zan yi ta fama a nan. A ganina ya ɗora laifin inda ba nan yake ba. Ko da an kawo Casgevy kyauta gobe, da wuya ya taɓa rayuwar galibin yaran da ake haifa da sikila a Najeriya da Nijar.

Asalin maganar sananne ne. Musanyar amino asid guda ɗaya a gurbi na shida na sarƙar beta ita ke sa himogulobin ya daskare ya lanƙwasa jar ƙwayar jini (Pauling da abokan aiki, 1949, Ingram, 1956). Himogulobin na jarirai yana hana wannan daskarewa (Watson, 1948), kuma ƙwayar gadon BCL11A ce ke rufe samar da shi bayan haihuwa (Sankaran da abokan aiki, 2008, Bauer da abokan aiki, 2013). Casgevy yana amfani da fasahar CRISPR wajen datse sashen da ke kunna BCL11A a cikin jajayen ƙwayoyin jini masu tasowa, sai himogulobin na jarirai ya dawo. Sakamakon da aka gabatar wa hukumar Amurka ya nuna mutum 29 cikin 31 sun yi aƙalla wata 12 a jere ba tare da mummunan tashin ciwo ba. Babu mai hankalin da zai raina wannan.

Saɓaninmu yana farawa ne daga abin da ke kewaye da gyaran. Kafin a taɓa ƙwayar gadon majiyyaci, sai an yi masa makonni ana musanya masa jini har himogulobin na sikila ya sauka ƙasa da kashi 30 cikin 100. Sannan a koro iyayen ƙwayoyin jini daga ɓargo da maganin plerixafor, domin maganin da aka saba amfani da shi ga sauran mutane yana iya tayar wa mai sikila da ciwo har ya kai ga rasa rai. A tace su da na'ura, sau da yawa fiye da zagaye ɗaya. A daskarar da su, a kai su masana'anta, a jira watanni. Idan sun dawo, sai a shafe tsohon ɓargon da busulfan, wanda maganin cutar kansa ne mai ƙarfi, majiyyaci ya kwanta mako huɗu zuwa shida a keɓaɓɓen ɗaki, garkuwar jikinsa a ƙasa, ana yi masa ƙarin jini da ƙwayoyin tsayar da zubar jini har sabon ɓargo ya kama. A taƙaice, dashen ɓargo ne cikakke, sai dai majiyyaci shi ne mai bai wa kansa. A Najeriya an fara dashen ɓargo a Asibitin Koyarwa na Jami'ar Benin a 2011, Legas ta shigo a 2024, kuma har yanzu aiki ne na ɗaiɗaikun cibiyoyi. Dala miliyan 2.2 ɗin nan kuɗin ƙwayoyin da aka gyara ne kawai, ban da gado, ban da jini, ban da ma'aikata.

Akwai kuma abin da busulfan ke bari a baya. Yana iya kashe haihuwa ga mace da namiji. A inda ake ba da Casgevy ana ba majiyyaci shawarar ya adana ƙwai ko maniyyi tun kafin a fara. A al'ummar da aure da haihuwa suke tsakiyar rayuwa, kuma wuraren adana irin waɗannan ba su wadata ba, ba na jin wannan ƙaramin sharaɗi ne da za a rubuta a ƙasan takardar amincewa a wuce.

Mafi nauyi duka shi ne batun shekaru. Gwajin da ya kai ga amincewar 2023 ya ɗauki masu shekara 12 zuwa sama. To, yara nawa ne ke kaiwa nan? Binciken Garki, a Jihar Jigawa ta yanzu, ya samu kusan jarirai 2 cikin 100 da jinin SS, amma a cikin waɗanda suka haura shekara tara da ƙyar ake samun mai shi (Fleming da abokan aiki, 1979). Ana iya cewa wannan tsohon labari ne. Amma da Nnodu da abokan aikinta suka bi bayanan binciken lafiya na ƙasa na 2018, sun ƙiyasta cewa yara 490 cikin 1,000 masu sikila ba sa kaiwa shekara biyar, duk da cewa tazarar ƙiyasin tana da faɗi, daga 270 zuwa 700. Ko ƙaramin adadin aka ɗauka, yaro ɗaya cikin huɗu ya tafi shekara bakwai kafin ya kai shekarun da aka gwada maganin a kansu a wancan gwajin. Abin da ya fi kashe su kuwa cututtukan ƙwayoyin bakteriya ne, da zazzaɓin cizon sauro, da ƙarancin jini mai tsanani.

Hujjar abokin aikina ta farko ita ce tarihin cutar ƙanjamau, kuma hujja ce mai ƙarfi. A ƙarshen shekarun 1990 magungunan rage kaifin cutar suna cin sama da dala 10,000 a shekara ga mutum ɗaya, masana da dama kuma suna cewa Afirka ba ta da asibitocin da za su iya raba su. A 2001 kamfanin Cipla na Indiya ya yi tayin dala 350 a shekara, daga nan lissafi ya sauya. Ya ce masu irin maganata a yau jikokin waɗancan masu sanyin gwiwa ne. Na yarda da darasin, amma kamar misalin bai zauna ba. Maganin ƙanjamau ƙwaya ce iri ɗaya ga kowa, masana'anta guda tana buga miliyoyi, ma'aikacin jinya a ƙaramin asibiti yana iya miƙa ta. Tsadarsa ta fito ne galibi daga haƙƙin mallaka, shi ya sa da aka sassauta wannan farashi ya faɗi. Casgevy kuwa ana haɗa shi ne ga mutum ɗaya daga jikin mutumin. Ko an yafe haƙƙin mallaka, na'urar tace jini tana nan, busulfan yana nan, makonni shida na kwanciya suna nan. Idan ana neman ƙwayar da ta yi kama da maganin ƙanjamau a fagen sikila, ai akwai ta tun 1998 da Amurka ta amince da ita, wato haidiroksiyuriya.

Nan ne ya kawo hujja ta biyu, wadda ta fi zafi. Ya ce ina ba wa yaran Afirka tsohon magani mai araha, yaran Landan da Boston kuma suna warkewa, kuma wannan shi ne ainihin wariyar da muke kuka da ita. Ban ɗauki zargin da wasa ba. Sai dai a duba abin da tsohon maganin ya yi. A gwajin REACH, wanda ya bi yara sama da 600 'yan shekara 1 zuwa 10 a Angola, Jamhuriyar Dimokuraɗiyyar Kongo, Kenya da Uganda, tashin ciwo ya sauka daga 98.3 zuwa 44.6 a kowace shekarar bibiya 100, ƙarin jini daga 43.3 zuwa 14.2, mace-mace daga 3.6 zuwa 1.1, zazzaɓin cizon sauro ma ya ragu da kusan rabi (Tshilolo da abokan aiki, 2019). A Kano da Kaduna, gwajin SPRING ya ɗauki yara 220 'yan shekara 5 zuwa 12 waɗanda na'urar dofla ta nuna gudun jini a jijiyoyin ƙwaƙwalwarsu ya kai santimita 200 a daƙiƙa ko fiye, alamar haɗarin shanyewar ɓarin jiki. An ba wasu miligiram 10 a kowane kilo na nauyinsu, wasu 20. Yara uku ne suka samu shanyewar a rukunin farko, biyar a na biyu (Abdullahi da abokan aiki, 2022). Ƙarin jini na wata-wata, wanda gwajin STOP na 1998 ya nuna yana rage wannan haɗari da kashi 92 cikin 100, ya fi ƙarfin yawancin iyalai da ma'ajiyar jininmu. Likitocin Kano sun nemi hanyar da za ta yiwu a inda suke, kuma sun samu. Wariyar gaske, a ganina, ita ce a ce wannan ƙwaya da aka gwada a Kano har yau ba ta isa hannun galibin yaran Kano ba.

Amma dole in taƙaita iƙirarina zuwa inda shaida ta tsaya. REACH ba shi da rukunin da aka hana magani, an kwatanta yaran ne da halin da suke ciki a ɗan gajeren lokaci kafin a fara ba su. SPRING ya kwatanta awo biyu na magani ɗaya, bai kwatanta maganin da ƙarin jini ba, kuma shanyewa takwas ba ta isa a gina babban hukunci a kai ba. Ƙaramin awon ma bai yi daidai da matsakaicin ta kowace fuska ba, domin yaran da suka sha shi sun fi yawan kwanciya asibiti, gwajin da aka yi a Uganda kuma ya nuna ƙara awo sannu a hankali ya fi tsayayyen awo amfani (John da abokan aiki, 2020). Haidiroksiyuriya ba ya warkarwa, ana shan sa ne kullum, yana buƙatar gwajin jini lokaci-lokaci. Saboda haka ba na cewa ya maye gurbin gyaran ƙwayar gado. Abin da nake iya karewa ya fi haka ƙanƙanta: idan kuɗi da ma'aikata ba su wadata ba, gwajin jarirai, da fenisilin na rigakafi wanda ya rage mummunar cutar nimokokas da kashi 84 cikin 100 (Gaston da abokan aiki, 1986), da rigakafin zazzaɓi, da haidiroksiyuriya, su ne ke da shaidar ceton rai a shekarun da yaranmu ke mutuwa.

Hujjarsa ta uku ita ce magungunan lallaɓa ciwo sun kai maƙura. Ya kawo misalin Adakveo, wanda Tarayyar Turai ta soke izininsa a 2023 bayan babban gwaji ya kasa nuna amfaninsa, da Oxbryta, wanda kamfanin Pfizer ya janye daga kasuwannin duniya a Satumbar 2024 saboda bayanan da suka nuna ƙarin tashin ciwo da mace-mace. Ni kuwa wani darasi dabam nake karantawa a nan. An amince da Oxbryta ne bisa ƙaruwar himogulobin a gwajin jini, kafin a tabbatar majiyyaci ya fi samun lafiya. Adakveo kuma ya samu izini bisa gwajin matsakaicin mataki. Duka biyun gaggawa ce ta wuce shaida. Wannan ya kamata ya sa mu yi hattara da kalmar warkewa game da maganin da aka auna a kan mutane 'yan gomomi, wanda majiyyaciyarsa ta farko mai sikila, Victoria Gray, ta karɓe shi a 2019 kawai. Takwaransa Lyfgenia, wanda aka amince da shi rana ɗaya da shi a Amurka, yana ɗauke da gargaɗin kansar jini a takardarsa. Mai yiwuwa Casgevy ya ɗore har tsufa, ina kuma fatan haka. Amma haidiroksiyuriya yana da bibiya tun wani gwaji na 1995, Casgevy kuwa bai cika shekara goma a jikin kowa ba.

Hujjarsa ta ƙarshe ita ce wadda za ta iya rushe tawa. Ya ce nan gaba ba za a fitar da ƙwayoyi daga jiki ba, allura ce za a yi, gyaran ya faru a cikin ɓargo, babu busulfan babu dashe. Da wannan manufa Gidauniyar Gates da cibiyoyin binciken lafiya na Amurka suka yi alkawarin dala miliyan 200 a 2019, domin sikila da ƙanjamau. An kuma riga an gyara ƙwayar gado a cikin jikin ɗan Adam ta hanyar ƙananan ƙunsoshin kitse masu ɗauke da saƙon RNA (Gillmore da abokan aiki, 2021). Sai dai a hanta aka yi, kuma da dalili: waɗannan ƙunsoshi suna manne wa furotin ApoE a cikin jini, shi kuma ya kai su hanta kai tsaye. Karkatar da su zuwa iyayen ƙwayoyin jini, waɗanda ba su da yawa kuma galibi a kwance suke ba sa rarrabuwa, matsala ce ta kimiyyar haɗa sinadarai da ƙirar ƙunshin kansa. Breda da abokan aiki sun nuna a 2023 cewa ƙunshin da aka liƙa wa abin gane CD117 yana isa gare su a jikin ɓeraye. Wannan babban ci gaba ne, kuma idan ya tabbata a jikin mutane, misalin ƙanjamau zai zauna daram, domin allura iri ɗaya ce ga kowa, farashi kuma zai zama babban shinge da gaske. Amma lura da abin da wannan hujja ta amsa da bakinta: idan sai an ƙirƙiro sabuwar hanyar isar da gyaran, to kimiyya ba ta gama aikinta ba, kuma ba farashi kaɗai ya rage ba.

Ko ranar da allurar ta zo, za a yi ta ne ga yaron da aka san yana da sikila, wanda yake raye, wanda shanyewar jiki ba ta riga ta taɓa ƙwaƙwalwarsa ba, wanda ke da kati a asibitin da zai bibiye shi shekaru. Ƙiyasin duniya na 2021 ya nuna an haifi jarirai kusan 515,000 da cutar a shekarar, kusan kashi 80 cikin 100 a Afirka kudu da Sahara, yawancinsu kuma ba a gwada su da haihuwa. Don haka shawarata ga masu tsara kasafin bincike da na lafiya ita ce su sa gwajin jarirai, da na'urar dofla, da wadatar haidiroksiyuriya a gaba, su kuma nemi a shigar da cibiyoyin Afirka cikin gwaje-gwajen gyaran cikin jiki tun daga matakin farko, domin a auna shi a inda zazzaɓin cizon sauro da ƙarancin abinci suke. Abokin aikina yana son yaƙin farashi a fara yau. Ina tare da shi a yaƙin, amma a ganina lokacinsa bai yi ba, kuma kuɗin da za a kashe a kansa yanzu akwai inda ya fi buƙatarsa.